Rawanin Mani Mahauci

Duk wanda ya taɓa sayen nama a 'yar kasuwar bakin titi da ke Runjin Sambo ya san Mani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai faɗin ƙirji, wanda ba a wucewa ta gabansa ko ta bayansa bai yi gaisuwa ba. Hannunsa na kan wuƙa, idonsa na kan titi. Zai gai da mai keke napep, ya tambayi malamar makaranta jikin surukarta, ya tsokani mai lemo, duk kafin ya gama yanka maka rabin kilo. Matarsa Ashatu takan ce da ana biyan mutum ladan waiwaye, da tuni sun gina bene.

A Ƙofar Rini aka haife shi, gidan fawa gaba da baya. Tun bai fara gemu ba yake bin ubansa mayanka, kuma ko da yake tsawo bai yi masa adalci ba, Allah ya ba shi ƙarfin damtse da sanin inda ake jan igiya. Har ta kai in an kawo bijimin da ya gagari mutane, shi ake aikawa a kira. Yana da labarin wani jan sa da aka kawo daga Nijar, wanda ya kori ƙarti suka haye katanga, shi kaɗai ya tsaya ya kayar da shi. Shekarun baya ƙarti bakwai ne suka hau katangar. Bana sun kai goma sha biyu, ƙahon san kuma ya ƙara kamu guda. Babu mai yi masa musu, don labarin yana da daɗin ji, kuma mai ba da shi ba ya rowar ƙarin tsoka.

Mutum ɗaya ne a kasuwar ya ga jan san nan da idonsa, shi ne Tambari. Tare suka fara zuwa mayanka, tare suka yi aure shekara guda, tare suka dawo Runjin Sambo lokacin unguwar duk gonaki ne. Tambari dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana. In Mani ya ɗauko labarin jan sa, shi dai sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wasa wuƙarsa yana wani ɗan murmushi. Shekara arba'in bai taɓa cewa uffan ba, kuma wannan murmushin Mani ya fi jin nauyinsa a kan dariyar kasuwa duka.

Da Sarkin Fawan kasuwar ya rasu gab da azumi, babu wanda ya yi tantamar wa zai gaje shi. Tambari ne babba, shi ke raba rigima, shi ake ba ajiya. Mani ne ma ya ja tawagar mahauta zuwa wurin hakimi, ya yi bayani har sai da aka ce masa ya isa haka. Hakimi ya ce a bari sai bayan Babbar Sallah. Tambari bai taɓa cewa yana so ba, amma ya kai shadda wurin tela, kuma kowa ya san mutumin da ya shekara goma da riga biyu ba ya ɗinka ta uku a banza.

To, ana cikin wannan jira ne abin ya faru.

Ashatu tana turke wani farin rago don layya. Ta shagwaɓa shi da dusa da harawa har ya fara ganin kansa mai gida. Wata la'asar Mani ya tsuguna a bakin dakalin tsakar gida yana alwala, ya ba ragon baya. Ragon ya zame igiyarsa, ya ja da baya taku uku, ya zo a guje. Mani ya tafi da ka, ya daki gindin turmi.

Ya tashi da kansa, ya zagi ragon har kakanninsa. Amma da ya zo juyawa ya ga inda butarsa ta faɗa, sai wuya ya ƙi, yatsunsa na hagu kuma suna yi masa kamar ana tsira musu allura. Ashatu ta so a kira mai ɗori. Allah ya taimaka ta fara kiran babbar 'yarsu Sakinatu, wadda ke aure a Tudun Wada. Sakinatu ta ce kada wanda ya kuskura ya murɗa masa wuya, ta iso da keke napep, ta naɗe tawul ta tokare masa, suka nufi asibiti yayin da maƙwabta ke masallaci. A cikin keken, yana zufa yana cije leɓe, abin da ya fara fitowa daga bakinsa ba salati ba ne.

"Ku saurare ni ku biyu," in ji shi. "Duk wadda tah hwaɗi ma wani abin da yah hwaru gidan ga, ban yahe ba."

Hoto ya nuna ƙashi ɗaya a wuyan ya tsage, amma bai goce ba. Likitar, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar Sakinatu ba, ta ce ya gode wa Allah, ba sai an yi aiki ba. Sai dai za a sa masa abin tallafe wuya na mako goma sha biyu, dare da rana, ko wanka ba a cirewa. Ta kuma gaya masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa in ƙashin nan ya motsa, yana iya rasa hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya. Nan Mani ya ji tsoro na gaske. Da ta tambayi me ya buge shi, ya ce dabba ce. Ta ce wace iri, Ashatu ta ce rago. Likitar ta rubuta, tana ƙoƙarin danne dariya.

Abin da aka sa masa, ma'aikatan asibitin kwala suke kiransa, amma bai yi kama da kwalar riga ba ko kaɗan. Roba ce mai tauri ɓari biyu, gaba da baya, an shimfiɗa mata soso a ciki, ana haɗe ta da maɗauri a gefe. Ɓarin gaba ya sauka har ƙirji, sama kuma yana da ɗan gurbi inda haɓa ke zama, ya ɗaga ta sama ya riƙe. Ba sunkuyo, ba waiwaye, ba gyaɗa kai. Da Sakinatu ta nuna masa fuskarsa a wayarta, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce ba za a kai shi Runjin Sambo a haka ba ko za a yanka shi.

Haka aka yi. Bayan kwana biyar a asibiti, aka wuce da shi Tudun Wada, gidan Sakinatu da mijinta Malam Jalaluddeen, wani malamin Islamiyya mai haƙuri. Can ya koyi rayuwa sabuwa yana ɗan shekara hamsin da takwas. Ya koyi cin tuwo ba tare da ganin kwano ba, bayan miya ta sha zuba a rigarsa. Ya koyi shan fura da tsinken roba kamar 'yan makaranta. Ya koyi salla a zaune a kan kujera, ya koyi cewa in yana son ganin wanda ya shigo, sai ya juya gaba ɗayansa tun daga ƙafa. Abin da ya kasa koyo shi ne zaman shiru. Kafin mako biyu ya san sunan kowace kaza a gidan, ya kuma ba Malam Jalaluddeen labarin jan sa sau tara.

A Runjin Sambo kuwa mutane na ta tambaya. Ashatu ta riga ta gaya masa ita ba ta iya ƙarya, don haka duk wanda ya yi sallama, sai ta ce yana can wajen wata hidima tasa. Tambari ya kira shi a waya sau uku. Duk ukun Mani ya ce lafiya lau, wata 'yar hidima ce, in ya dawo za su yi magana. Ya so ya gaya masa, har ya buɗe baki a kira na biyu, sai ya hango murmushin nan ya fasa. Tambari bai matsa ba. Kullum da safe in ya ɗauko namansa sai ya ɗauko na Mani, ya shimfiɗa a teburinsa ya sayar masa, don kada masu ciniki su saba da wani wurin.

Ranar da aka koma ganin likita a mako na huɗu, ta ce yana iya fita ya zauna cikin mutane, muddin ba zai ɗauki kaya ko ya sari ƙashi ba. Mani ya dawo gida yana murna yana kuma tunani. Kasuwa yake so kamar ya yi fiffike, amma ba da wannan roba a wuya ba. Yana cikin haka sai Malam Jalaluddeen ya fito zai tafi ɗaurin aure da farin rawani, ya naɗo shi har ƙarƙashin haɓa. Mani ya bi shi da ido, tunda ido kaɗai ya rage masa, har ya fita zaure.

Washegari Juma'a surukin ya naɗa masa. Ya ɗora hula, ya zagaya, ya sauko da rawanin ta ƙarƙashin haɓa ya rufe kwalar ruf, ya saki jelar a ƙirji. Aka ɗora babbar riga a kai. Sakinatu ta ce Baba zafin garin nan fa, ga roba ga rawani. Ya ce shi da ya yi shekara arba'in a bakin wutar babbaka ba rana ce za ta ba shi tsoro ba.

Da hantsi keke napep ya sauke shi a bakin kasuwa. Sai wurin ya yi shiru. Mutumin da ya ɓace wata guda wajen wata hidima da ba a faɗi ba, ga shi ya dawo da naɗi har haɓa, kai a ɗage, yana takowa a hankali, ba ya duban dama ba ya duban hagu. Mai lemo, wanda suka saba zagin wasa kullum, ya ajiye wuƙarsa ya rusuna ya ce ranka shi daɗe. Mani ya ɗauka tsokana ce. Ya so ya gyaɗa masa kai, kai ya ƙi, sai ya dunƙule hannu ya ɗaga masa. Wannan jinjinar ce ta ƙarasa ɓata lamarin.

Kafin a taso daga Juma'a labari ya gama Runjin Sambo. Wasu suka ce an naɗa shi Sarkin Fawa a asirce. Masu hankali suka ce ba a naɗi a ɓoye, alkawari dai aka yi masa, shi ne ya fara gwada rawanin. Wata mai ƙosai ta rantse ta ga motarsa a ƙofar gidan hakimi, alhali Mani ko keke ba shi da shi. Kuma komai ya yi sai ya ƙara tabbatar musu. In an gaishe shi daga gefe, sai ya juyo duk jikinsa a hankali irin na manya. Magana ta ragu, don haɓa a tokare take. Ga shi ba ya taɓa nama, yana zaune kurum wani maƙwabcin teburi na yanka masa. Da la'asar mai kalangu ya iso, ya tsaya gabansa ya saki kiɗan mahauta, yana kiran sunan ubansa da kakansa.

Gaskiya ita ce Mani ya gane inda aka dosa tun ranar Asabar, kuma gaskiya ita ce abin ya yi masa daɗi. Wata guda yana kwance ana ba shi fura da tsinke, yau ga ƙarti na rusuna masa. Da wani ya tambaye shi kai tsaye, cewa ya yi babu komai, a bar maganar nan. A Sakkwato kuwa in babba ya ce a bar magana, ai ya gama faɗinta. Ya riƙa gaya wa kansa cewa da Tambari ya dawo zai ja shi gefe su yi dariya tare, don Tambari ya tafi ƙauye ta'aziyya tun ranar Alhamis.

Tambari a mota ya ji labarin, daga bakin wanda bai san shi ba. Bai yarda ba. Ranar Litinin da safe ya shigo kasuwa ta wajen masu kayan miya, ya ɓullo ta hagun Mani, ya yi sallama da 'yar muryarsa ya miƙa hannu. Mai kalangu na ta aikinsa, rawani ya toshe kunne, kwala ta kafe kai yana kallon titi. Mani bai gani ba, bai ji ba. Tambari ya tsaya da hannu a miƙe, dogon mutum a tsakiyar kasuwa, kowa na kallo. Ya sake sallama. Sa'an nan ya mai da hannunsa aljihu ya juya. Kafin wani ya taɓa Mani ya gaya masa, kafin ya tattara riga ya juyo da jikinsa duka, Tambari ya sha kwana.

Daga nan daɗin ya ƙare. Mani ya kira Tambari a waya, ba a ɗauka ba. Da yamma ya je gidan, aka ce ba ya nan, ga kuwa takalmansa a bakin zaure, takalman da duk unguwar babu mai irin tsawonsu. Talata Tambari bai fito ba, Laraba ma haka. Ranar Laraba da la'asar aka kawo wa Mani ƙullin goro, aka ce in ji Tambari, yana taya murna, Allah ya taya riƙo. Wanda ya kawo goron ya ƙara da cewa gobe da safe za a zo a ɗauke teburin Tambari, ya sami wuri a can wajen Ƙofar Rini.

Mani ya koma gidansa na Runjin Sambo, inda ya dawo tun ranar Juma'a, ya zauna da goron a cinya. Bayan magariba Ashatu ta kwance masa rawanin, ta ga yadda ƙurajen zufa suka feso a gefen kwalar, ta kawo mafici tana yi masa fifita. Ya fara kame-kame, yana cewa Tambari ma ya cika fushi, mutum ai sai ya tsaya ya ji bayani. Ta bar shi ya gama.

"Malam," in ji ta, "wuyanka likita tac ce mako sha biyu shina warkewa. Tambari hwa, in ya ɗauke teburin nan, ban san ko mako nawa ba."

Ya ce to ya za a yi, ya je gida an hana shi shiga. Ta ce ai ba a gida aka bar mutumin da hannu a miƙe ba. Daga haka ta tashi ta je ba ragonta ruwa.

Da safe ya sa ta naɗa masa rawanin kamar kullum. Ya iske kasuwa ta cika, mai kura ya riga ya ɗora teburin Tambari ƙafafu sama, ana ɗaurewa. Tambari na tsaye da gatarinsa da sikeli a hannu. Mani ya taka ya tsaya daidai gaban kurar. Mai kalangu ya gyara kafaɗa zai fara, wani ya riƙe masa hannu.

Tambari ya dube shi, sai ya ajiye kayan hannunsa ya rusuna har ƙasa, da tsawonsa da furfurarsa.

"Ranka shi daɗe," ya ce. "A ba mu hanya."

Duk gaisuwar da aka yi wa Mani a kwana shidan nan babu wadda ta shige shi sai wannan, kuma ciwo ta yi masa.

"Tashi, Tambari. Kwance min rawanin ga."

"Ni wa, da za ni taɓa rawanin manya?"

"Hannuna bai kaiwa bisa. Don Allah kwance shi."

Wataƙila muryar ce Tambari ya ji ta canza. Ya miƙe ya kama jelar rawanin, ya fara warwarewa. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Da ya janye na ƙarƙashin haɓa sai ga kwalar ta bayyana, robar ta yi dauɗa, soson ya jiƙe sharkaf, fatar gefen wuya ta yi ja da ƙuraje. Mai lemo ya yi salati a hankali. Tambari ya tsaya da rawanin tule a hannu.

"Mi yas same ka?"

Mani ya ce ƙashin wuya ne ya tsage, kwana biyar a asibiti, mako uku a Tudun Wada, kuma ko hanyar gidan hakimi bai bi ba. Ya ce ranar Litinin wallahi bai gan shi ba, ko yanzu wanda ke gefensa bai san ko wane ne ba. Tambari ya ce ba wannan ya tambaya ba, me ya buge shi.

Ƙofa a buɗe take. Da ya ce bijimi ne, babu wanda zai yi musu, har ma a ƙara masa girma. Ya ji kalmar ta zo bakinsa. Ya dubi Tambari, tunda ba shi da halin duban wani wuri.

"Ragon Ashatu na," ya ce. "Ina alwala yat tunkuye ni ta baya."

An ɗan yi shiru na ladabi, iyakar abin da mutane za su iya. Mai ƙosai ce ta fara dariya, ta toshe baki da gyale abin ya ƙi toshewa. Sai kasuwa ta ɗauka. Mai kura ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ya tambaya ƙarti nawa ne suka hau katanga wannan karon, wani ya ce a kawo ragon a naɗa shi, tunda shi ya kayar da gwani. Mai kalangu, da ya ga kwana shida ya yi yana yi wa robar asibiti kirari, ya buga wani ɗan kiɗa na shaƙiyanci ya rataye gangarsa. Mani da kansa ya fara dariya, yana riƙe kwalar da hannu biyu yana roƙon su bari don Allah, likita ta hana shi girgiza. Ya yi mamakin yadda abin da ya guje wa wata guda bai fi haka nauyi ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, ko murmushin ma babu. Tambari ya naɗe rawanin a hankali ya ɗora a kan teburin Mani. Da hayaniya ta lafa ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma na kusa sun ji.

"Sarauta, da kac ce kana so, ni da kaina za ni raka ka. Amma mako huɗu kana kwance da tsagaggen wuya, ni ina nan ina saida maka nama, ko sannu ba ka bari na yi maka ba."

Mani ya ce kunya ce ta hana shi. Tambari ya ce kunyar wa, bai jira a gaya masa ba ya juya ya ce wa mai kura ya sauke teburin ya mai da shi inda ya ɗauko. Ranar bai sake yi wa Mani magana ba sai da azahar, lokacin da ya tambaye shi, yana kallon wani wuri, wa ke wanke masa ƙarƙashin robar nan da ta yi wari haka.

Nan Mani ya yi masa bayani. Aikin mutum biyu ne. Sai ya kwanta rigingine a bayansa, wani ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa ko kaɗan, sa'an nan wani ya ɓalle kwalar ya goge fata ya canza soso. A Tudun Wada Malam Jalaluddeen ke riƙewa Sakinatu na gogewa. Tun da ya dawo gida kuwa sau ɗaya aka yi, don Ashatu ba ta da na biyu, kuma ba a son maƙwabta su sani. Tambari ya ji, ya ci gaba da sara.

Wuyan dai ya warke sarai a ƙarshe, aka cire kwalar, likita ta ce ƙashin ya haɗe. Mani ya ƙarasa sauran makonninsa a kasuwa da robarsa a fili, yara na leƙe, manya na tsokana, shi kuma ya sami sabon labari, wanda ragon cikinsa ya fara girma tun mako na biyu. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegarin ranar da aka kwance rawanin, rana ba ta gama fitowa ba aka yi sallama a zaure. Tambari ne. Ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, ya ce wa Ashatu ta kawo tawul da sabon soson. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Mani ya kwanta. Tambari ya durƙusa ta wajen kansa, ya sa dogayen yatsunsa ya tallabe shi daga kunne zuwa ƙeya, ya riƙe gam. Ashatu ta ɓalle maɗaurin, iska ta taɓa wuyan. Mani ya fara cewa ai da ya sani tun ranar farko, Tambari ya ce ya yi shiru, haɓarsa na motsi.

Ashatu ta goge, ta shafa hoda, ta sa soso. Tambari na kallon fuskar abokinsa a juye, da ramar da ta yi, da furfurar da ta fito a gemun da ba a aske ba.

"Sannu, Mani," ya ce. "Sannu da jiki."

Mani ba shi da halin gyaɗa kai, an kuma hana shi magana. Hawaye ne suka gangaro ta gefen idonsa suka jiƙa yatsun Tambari, shi kuwa bai saki ba sai da Ashatu ta ɗaure maɗauri na ƙarshe.